Tuba a Rayuwar Kirista

Tuba a addinin Kirista ita ce mutum ya juya wa zunubi baya ya komo ga Allah, da zuciyarsa da bakinsa da aikinsa. Da ita Yahaya Mai Baftisma ya buɗe wa'azinsa a bakin Kogin Urdun, da ita kuma Yesu ya fara nasa a ƙasar Galili, yana cewa lokaci ya yi, Mulkin Allah ya kusato, a tuba a gaskata bishara (Markus 1:15). Katolika da Otodoks da Furotesta duk sun yarda cewa babu mai shiga wannan bangaskiya sai ta ƙofar tuba, kuma wanda ya shiga bai gama da ita ba muddin yana numfashi. Saɓaninsu yana kan yadda ake yin ta, a gaban wa, kuma sau nawa.

Kalmar da ma'anarta

Hausa ta aro kalmar daga Larabci, inda tushenta yake nufin komowa. Wannan ya yi daidai da kalmar Ibrananci shub, wadda annabawan Tsohon Alkawari suka fi amfani da ita: mutum ya yi nisa a hanya, sai ya tsaya, ya juya, ya kama hanyar gida. Sabon Alkawari, wanda aka rubuta da Girkanci, yana cewa metanoya, wato sakewar tunani da zuciya. Akwai wata kalmar Girkanci daban mai nufin nadama kawai, kuma ita Matiyu ya zaɓa sa'ad da yake ba da labarin Yahuza Iskariyoti, almajirin da ya ci amanar Yesu (Matiyu 27:3).

Bahaushe ya san wannan bambanci tun kafin malamai su yi masa bayani. Yaron da bulala ta hau kansa yakan yi ihu, na tuba, na bi Allah na bi ka, gobe kuma ya koma ga abin da aka dake shi a kai. Irin wannan ake ce wa tuban muzuru. Duk koyarwar Kirista a kan wannan batu ƙoƙari ne na raba tuban muzuru da tuba ta gaskiya.

A Tsohon Alkawari

Labarin da ya fi shahara shi ne na Sarki Dawuda. Ya kwana da Batsheba matar Uriya, ya sa aka tura mijin bakin daga inda aka kashe shi, sannan ya ci gaba da mulki kamar ba a yi komai ba. Annabi Natan ya zo masa da misalin attajiri mai garke wanda ya ƙwace 'yar tunkiya guda ta wani talaka ya yanka wa baƙo. Dawuda ya fusata ya yanke wa attajirin hukunci, sai Natan ya ce masa ai kai ne mutumin (2 Sama'ila 12). Sarki yana da ikon sa a kashe annabin nan take. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne ya yi wa Ubangiji zunubi. Zabura 51, wadda ake danganta ta da wannan lokaci, ta zama addu'ar masu tuba a kowace ɗarika. Mai addu'ar ba ya kawo hanzari ko ɗaya, roƙonsa a wanke shi, a halitta masa sabuwar zuciya. Tana cikin zabura bakwai da ikkilisiya ta ware tun da daɗewa don tuba: 6, 32, 38, 51, 102, 130 da 143.

Annabi Yowel ya ce wa jama'a su kyakketa zukatansu maimakon tufafinsu (2:13), domin yaga riga alamar makoki ce da kowa zai iya yi a gaban mutane. Ezekiyel ya ce Allah ba ya murna da mutuwar mugu, so yake ya juyo ya rayu (33:11). Mutanen Nineba, waɗanda ba Isra'ilawa ba ne, sun ji gargaɗin Yunusa suka yi azumi tun daga sarki har talaka, aka ɗage musu hukunci.

A Sabon Alkawari

Da mutane suka tambayi Yahaya me za su yi don nuna tubarsu, amsarsa ba ta da wuyar ganewa. Mai riga biyu ya ba marar riga ɗaya. Mai karɓar haraji kada ya karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Soja kada ya ƙwaci kuɗin kowa, kada ya yi wa kowa ƙazafi, ya wadatu da albashinsa (Luka 3:10-14). Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya yi irin wannan da Yesu ya sauka a gidansa: ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu (Luka 19:8). A nan ne aka samo koyarwar mayar da haƙƙi, wadda ita ce mafi nauyi a kan masu tuba, domin kuka a majami'a ya fi sauƙi a kan a ƙwanƙwasa ƙofar wanda aka cuta da kuɗinsa a hannu.

Misalin ɗan da ya ɓace, a Luka 15, shi ne zuciyar batun. Ƙaramin ɗa ya karɓi gādonsa tun mahaifinsa yana da rai, ya tafi wata ƙasa ya ɓatar, har ya koma kiwon aladu yana sha'awar abincinsu. Yunwa ce ta fara dawo da shi cikin hankalinsa, kuma labarin bai ɓoye wannan ba. Ya shirya abin da zai faɗa: na yi zunubi, ban isa a ce da ni ɗanka ba, ka ɗauke ni kamar ɗaya daga cikin barorinka. Tun yana nesa uban ya hango shi, ya sheƙa a guje, abin da dattijo mai mutunci ba ya yi a bainar jama'a, ya rungume shi. Yaron bai kai ga maganar zama bara ba uban ya riga ya aika a kawo babbar riga da zobe da takalma. Masu tafsiri suna tsayawa a kan wannan wuri don su nuna cewa tuba ba kuɗi ba ce da ake sayen gafara da shi. Uban ya riga ya shirya karɓarsa, komowar ce kawai ta rage. Bulus ya faɗi haka a taƙaice, cewa alherin Allah ne yake jawo mutum ga tuba (Romawa 2:4), kuma Ayyukan Manzanni 11:18 ta kira tubar kanta kyauta daga Allah.

Bitrus da Yahuza sun faɗi a dare ɗaya. Yahuza ya yi nadama ƙwarai, ya mayar da azurfa talatin ɗin, ya furta da bakinsa cewa ya ba da marar laifi, sannan ya je ya rataye kansa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku yana jin ɗumin wutar gawayi a farfajiyar babban firist, ya fita ya yi kuka mai zafi, amma bai rabu da 'yan'uwansa ba. Bayan tashin Yesu, a bakin tafki, kusa da wata wutar gawayin, aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunar Ubangijinsa, aka kuma danƙa masa kiwon tumakin (Yahaya 21). Bulus ya bambanta baƙin ciki iri biyu, wanda yake kai mutum ga tuba da ceto, da na duniya wanda yake kai shi ga mutuwa (2 Korantiyawa 7:10). Wannan Bitrus ɗin ne ya tsaya ranar Fentikos ya ce wa jama'a su tuba a yi musu baftisma, mutum wajen 3,000 suka amsa.

Kiran bai tsaya kan sababbin masu bi ba. A cikin ikkilisiyoyi bakwai da aka aika wa saƙo a Wahayin Yahaya, biyar an umarce su su tuba.

Muhawarar ikkilisiyar farko

Tambayar da ta dami Kiristocin farko ita ce, wanda aka yi wa baftisma ya sāke faɗawa babban zunubi, akwai sauran hanya gare shi? Tertuliyan na Kartaj, a farkon ƙarni na 3, ya koyar cewa akwai dama ta biyu, amma sau ɗaya tak. Mai tuban yakan furta laifinsa, ya sa tsummoki da toka, a hana shi Jibin Ubangiji (cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da mutuwar Yesu), wani lokaci shekaru, kafin bishop ya ɗora masa hannu ya mayar da shi.

Al'amarin ya tsananta a shekarar 250, da Sarki Desiyus ya umarci kowa a daular Roma ya yi hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida. Kiristoci da yawa sun yi, wasu sun sayi takardar da kuɗi. Da tsanani ya lafa suka dawo suna neman shiga. Nobatiyan a Roma ya ce ba za a karɓe su ba har abada, Sifiriyan bishop na Kartaj da taron bishop-bishop na 251 suka ce a karɓe su bayan horo gwargwadon laifinsu. Ra'ayin Sifiriyan ne ya yi rinjaye, kuma da kyau da ya yi, domin ikkilisiyar da Bitrus yake cikin harsashinta ba ta da bakin rufe ƙofa ga wanda tsoro ya sa ya yi musu. A 390 Ambros bishop na Milan ya hana Sarki Tiyodosiyus Jibin Ubangiji saboda kisan gillar da sojojinsa suka yi a Tasalonika, sai da sarkin ya tuba a fili.

Tsananin wannan tsari ya sa mutane da dama suka riƙa jinkirta tuba har gadon mutuwa. Sufayen ƙasar Ayalan ne, a ƙarni na 6 da na 7, suka yaɗa al'adar furta zunubi a asirce ga malami guda, ana maimaitawa duk lokacin da bukata ta taso. A 1215 babban taron bishop-bishop na Lateran na huɗu, a Roma, ya wajabta wa kowane baligi ya yi haka aƙalla sau ɗaya a shekara.

Luta da abin da ya biyo baya

Fassarar Latin ta Jerom ta mayar da umarnin "ku tuba" da kalmomin da za a iya fahimtarsu a matsayin "ku yi ayyukan kaffara". Da Erasmus ya buga Sabon Alkawari na Girkanci a 1516, masu karatu suka ga cewa asalin kalmar sakewar zuciya take nufi. A 1517 Martin Luta ya fitar da batutuwa 95 yana sukar cinikin takardun sassaucin hukuncin zunubi. Na farkonsu yana cewa sa'ad da Yesu ya ce a tuba, nufinsa dukan rayuwar mai bi ta zama tuba. Daga nan Furotesta suka tsaya a kan cewa mai zunubi yana iya zuwa wurin Allah kai tsaye ta wurin Almasihu, suna kafa hujja da 1 Yahaya 1:9.

Taron bishop-bishop na Katolika a Tarent ya amsa a 1551, ya tabbatar da tuba a matsayin ɗaya daga cikin sakramenti bakwai, wato manyan ibadu masu tsarki na ikkilisiya, ya ce abu uku ne a wuyan mai tuba: nadamar zuciya, furci da baki, da cika abin da aka ɗora masa. Hujjar Katolika ita ce Yahaya 20:23, inda aka ba manzanni ikon gafarta zunubi. Firist ɗin da ya ji furcin ba shi da izinin faɗa wa kowa ko da za a kashe shi, wanda ya tona kuwa ya fita daga tarayyar ikkilisiya nan take. Otodoks su ma suna furta zunubi a gaban firist, amma sun fi ɗaukar zunubi a matsayin ciwo, tuba kuma magani. Ranar Lahadin da take gaban babban azuminsu kowa yakan rusuna ya nemi gafarar ɗan'uwansa.

A ƙarni na 20 malamin nan na Jamus, Ditrik Bonhofa, wanda 'yan Nazi suka rataye a 1945, ya yi gargaɗi a kan alheri mai araha, wato a riƙa shelar gafara ba a bukaci tuba ba.

Yadda ake yi a yau

A wurin Katolika da wasu Furotesta, azumin kwana 40 kafin Ista yana farawa ran Larabar Toka. Ana ƙona ganyayen dabinon da aka ɗaga a bikin bara, malami ya dangwali tokar da babban yatsa ya zana gicciye a goshin kowa, yana tuna masa cewa shi ƙura ne, ga ƙura zai koma. Mutum ya fita da baƙin tabon a goshi ya shiga kasuwa ko ofis, kowa yana gani.

A Afirka, farkawar da ta tashi daga Gahini a Ruwanda a shekarun 1930 ta bazu zuwa Uganda da Kenya da Tanganyika, kuma an san mabiyanta da furta zunubi a gaban taro da mayar da kayan da suka sata. A majami'un Furotesta da yawa na Arewacin Najeriya, inda aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, wanda ya yi laifin da ya fito fili akan sa shi a horo. Ya ajiye muƙaminsa, ya daina cin Jibin Ubangiji, a wasu wurare ya koma bencin baya, har dattawa su gamsu su mayar da shi a gaban jama'a. Tsarin yana da tushe a Matiyu 18, amma yana da rauni sananne: ya fi saurin kama yarinyar da cikinta ya fito a kan mai kuɗin da ya danne haƙƙin ma'aikatansa. Inda aka manta cewa manufar horo ita ce maido da ɗan'uwa, sai ya zama tozartawa.

Game da tuba a ƙarshen rai, ikkilisiya ba ta yanke ƙauna, saboda ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ya roƙa a tuna da shi, aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar (Luka 23:43). Manyan malamanta ma ba su ga sun wuce tuba ba. Agustin, bishop na Hippo, garin da yake Annaba ta Aljeriya a yau, ya kwanta ciwon ajali a 430 mayaƙan Bandal suna kewaye da birnin. Ya sa aka rubuta masa zaburan tuba aka manna a bango daura da gadonsa, ya roƙa kada a shigo masa sai lokacin likita ko abinci. Kwana wajen goma ya yi yana karanta su yana hawaye, ya rasu ran 28 ga Agusta, shekara 43 bayan baftismarsa.