Waiwaye: yadda kalmar "imply" ta tashi daga ninki ta koma shaguɓe

Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar Turanci ya san tambayar nan da ke zuwa bayan an karanta ɗan labari: me marubucin ya yi "imply"? Ba abin da ya faɗa ƙarara ake nema ba, sai abin da ya cusa cikin maganar bai furta ba. Mu a Hausa muna da habaici, da gugar zana, da shaguɓe, da hannunka-mai-sanda. Sai dai habaici da gugar zana akwai ƙaiƙayi a cikinsu, sun fi kusa da "insinuate". Ita "imply" ba lallai ta zo da mugun nufi ba.

Asalinta kalmar Latin ce, "implicare", wato a ninke wani abu cikin wani, kamar yadda tsohuwa ke ƙulle kuɗi a bakin zane. Ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 14, kuma da wannan ma'anar ta naɗewa ta shigo. Har a 1590 mawaƙin Ingila Edmund Spenser ya yi amfani da ita wajen siffanta maciji da ya nannaɗe jelarsa. Daga wannan tushen ne "employ" ma ta fito, ita ce ta ɗaukar aiki. A hankali ninkin ya bar kan zane da igiya ya koma kan magana.

Yau kalmar na ɗauke da ma'ana biyu. Ta farko, mutum ya nuna abu bai ambace shi ba. Ta biyu ba ruwanta da niyyar kowa, abu ne ke tabbatar da wani abu, irin na ruwa ba ya tsami banza. Wannan ta biyun ce lauyoyi suka riƙe. Dokar cinikin kaya ta Birtaniya ta 1893 ta tanadi sharuɗɗan da ake ɗauka suna cikin ciniki ko ba a rubuta su ba, misali cewa mai sayarwa yana da ikon sayar da abin da ya kasa.

Rigimar da ta yi suna kuwa tsakaninta da 'yar uwarta "infer" ce. Ƙa'idar da malamai ke dankara wa ɗalibai ita ce, mai magana shi ke "imply", mai saurare shi ke "infer", wato ɗaya ya ƙulle, ɗaya ya kwance. Ƙa'ida ce mai amfani, ni ma ita nake bi. Amma ba ta kai tsufan da ake zato ba. Thomas More, wanda Sarki Henry na 8 ya sa aka fille wa kai a 1535, shi ne aka fara samun kalmomin biyu a rubutunsa da waɗannan ma'anoni, a 1528. Shi ɗin dai, a 1533, ya sa "infer" a gurbin da yau za a ce sai "imply". Kusan shekara 400 ana haka ba wanda ya ɗaga gira, sai wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko masu gyaran harshe suka fara cewa kuskure ne.

Abin ya kai maƙura a Amurka a 1961, da aka fitar da bugu na uku na babban ƙamusun Webster a ƙarƙashin edita Philip Gove. Shi a ganinsa aikin ƙamus ya rubuta yadda mutane ke magana, ba ya yi musu hukunci ba, don haka ya saka "nuni a fakaice" cikin ma'anonin "infer". Jaridu suka yi masa ca. A 1962 marubuci Rex Stout ya buɗe littafinsa Gambit da tauraronsa Nero Wolfe zaune gaban murhu, yana yagar ƙamusun shafi-shafi yana jefawa wuta, kuma cakuɗa kalmomin nan biyu na cikin laifin da ya ɗora masa. A 1969 aka fito da ƙamusun American Heritage, da kwamitin marubuta da masana masu jefa ƙuri'a kan irin waɗannan kalmomi.

Ana cikin wannan ne masanin falsafa Paul Grice, a laccocin da ya gabatar a Jami'ar Harvard a 1967, ya ƙirƙiro kalmar "implicature" don bayyana yadda ake gane abin da ba a faɗa ba. Misalinsa shi ne malamin da aka nemi ya shaidi ɗalibinsa mai neman aikin koyar da falsafa, sai ya rubuta cewa Turancinsa na da kyau kuma ba ya fashin aji, ya sa hannu. Wanda ya taɓa zuwa binciken aure ba ya buƙatar fassara. Ka tambayi dattijon unguwa halin yaro, ya yi shiru ya gyara zaman hularsa, ya ce, "To, yana da tsafta dai, kuma yana gaishe mu." In ka koma gida ka ce yaron ba shi da hali, gobe dattijon zai iya dafa ƙirji ya ce shi bai faɗa ba, kuma bai yi ƙarya ba.