Hoton HDR: Dabarun Haɗa Haske da Duhu a Hoto Ɗaya

Hoton HDR shi ne hoton da ake samarwa ta hanyar ɗaukar wuri ɗaya sau biyu ko fiye, kowace ɗauka da nata yawan haske, sannan a haɗe su domin abin da ke cikin inuwa da abin da ke cikin rana su fito tare. Haruffan HDR taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci masu nufin faɗin tazarar da ke tsakanin wuri mafi duhu da wuri mafi haske.

Duk wanda ya tsaya cikin zaure da rana tsaka ya ɗauki hoton ƙofa ya san matsalar. Idonsa yana ganin tabarmar da ke gefe, yana kuma ganin masu wucewa a waje. Ita kyamara ɗaya za ta zaɓa: in ta bi hasken ciki, ƙofa ta zama fari fat; in ta bi na waje, zauren ya koma baƙi ƙirin.

Ma'aunin haske

Masu hoto suna auna haske da mataki, kuma kowane mataki ninki biyu ne na wanda ke ƙasa da shi. Tazarar mataki 10 tana nufin wuri mafi haske ya ninka mafi duhu sau 1,024. Manyan kyamarorin zamani suna riƙe kimanin mataki 12 zuwa 14 idan ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a kyamara, yana ƙasa, kuma adadin yana raguwa da zarar an ɗaga shi. Fayil ɗin JPEG bit 8 ne, wato daraja 256 ga kowane launi, RAW kuwa, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, yawanci bit 12 ne ko 14, shi ya sa ake fifita RAW a wannan aiki.

Tarihi

A shekarun 1850, Gustave Le Gray ɗan ƙasar Faransa yana buga hotunan teku daga nagatif biyu, wato faifan asali da ake wanko hoto daga gare shi, ɗaya na sama, ɗaya na ruwa. A 1997 Paul Debevec da Jitendra Malik na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gabatar da lissafin da kwamfuta ke bi ta gano ainihin hasken wuri daga jerin hotuna. Photoshop CS2 ya zo da hanyar haɗa HDR a 2005, iPhone kuma ya samu a 2010.

Ɗaukar jerin hotuna

A nan ake samun aikin ko a rasa shi, domin manhaja ba ta iya dawo da abin da sensa, wato ɓangaren kyamara mai kama haske, bai kama ba. Ana kafa kyamara a kan mazauni mai ƙafa uku, a kashe na'urar hana rawar hoto, a danna da rimot ko a sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsa ya girgiza ta. Ana sauke ISO zuwa 100, a tsayar da buɗewar lensi wajen f/8, a saita fokas sannan a mayar da shi na hannu, a kuma ƙayyade daidaiton fari, wato saitin da ke daidaita launin haske, a wuri ɗaya.

Gudun shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, shi kaɗai ake canzawa. Idan aka taɓa buɗewar lensi, zurfin abin da ya fito ras zai bambanta daga hoto zuwa hoto, gefunan abubuwa kuma ba za su hau kan juna ba wajen haɗawa. Idan fokas ya motsa, girman abin da ke cikin hoton yakan canza kaɗan a lensuna da yawa.

Yawan ɗaukar da ake bukata aunawa ake yi. A auna wuri mafi haske, a ce taga ta ba da 1/1000 na daƙiƙa. A auna lungu mafi duhu, a ce ya ba da 1/8. Tsakaninsu mataki 7 ne. Da tazarar mataki biyu-biyu, ɗauka biyar ta wadatar: 1/1000, 1/250, 1/60, 1/15 da 1/4. Ga fili da faɗuwar rana, sau da yawa uku sun isa, wato mataki -2, 0 da +2 daga abin da kyamara ta auna, kuma yawancin kyamarori suna yin wannan jeri da kansu ta saitin AEB. Mai amfani da JPEG gara ya rage tazarar zuwa mataki ɗaya.

Kafin a naɗe kaya a duba histogiram, wato zanen da ke nuna rabon duhu (a hagu) da haske (a dama) a cikin hoto, domin allon kyamara yana yaudara a cikin rana. A hoto mafi duhu, kada zanen ya manne da bangon dama, sai fa ƙwayar rana ko ƙwan lantarki, waɗanda babu laifi su ƙone. A hoto mafi haske, ya kamata inuwa ta baro bangon hagu ta matso wajen tsakiya. Wannan na biyun ne ake yawan mantawa, kuma shi ke sa inuwa ta fito da yashi-yashi, wato ƙananan ɗige-ɗige masu ɓata hoto, daga baya.

Haɗawa da matse haske

Manhajoji irin su Lightroom, Photoshop da Photomatix suna fara daidaita hotunan a kan juna, sannan su ɗauki kowane fiksel, wato ɗigon hoto, daga ɗaukar da ya fi fitowa da kyau. Abin da ke fitowa fayil ne mai faɗin tazara, sau da yawa bit 32, a tsarin OpenEXR ko Radiance. Allo na yau da kullum da takarda ba sa iya nuna shi yadda yake, dole a matse tazarar. Matsewar bai-ɗaya tana bi da duk hoton da lissafi guda, tana ba da kamanni na gaskiya amma hoton kan yi lami. Matsewar yanki-yanki tana duba kowane wuri da maƙwabtansa, tana fito da zanen bango da gajimare, kuma ita ce tushen yawancin ɓarnar da ta ɓata wa HDR suna.

Akwai hanya ta biyu da ba ta bi ta fayil mai bit 32. Tom Mertens, Jan Kautz da Frank Van Reeth suka gabatar da ita a 2007: ana ba kowane fiksel nauyi bisa kaifinsa, ƙarfin launinsa da kusancinsa da matsakaicin haske, a narkar da hotunan kai tsaye. Manhajar Enfuse da ita take aiki, kuma ga hoton cikin ɗaki ta fi sauƙin ba da sakamako mai kama da abin da ido ya gani. Wasu ƙwararru kuma da hannu suke yi, su jera hotuna biyu a Photoshop su goge taga kawai daga na sama.

Abin da ke lalacewa

Fatalwa ita ce ta farko. Ganye ya kaɗa, mutum ya gifta ko gajimare ya matsa tsakanin ɗauka da ɗauka, sai abu ɗaya ya bayyana sau biyu ko uku dishi-dishi. Manhaja tana gyarawa ta hanyar ɗauko wannan yanki daga hoto guda, amma idan hoton da ta zaɓa mai duhu ne, facin zai fito da yashi fiye da kewayensa. Ɗaukar jerin da sauri a yanayin ɗauka a jere tana rage matsalar tun daga tushe.

Ta biyu ita ce zoben haske a bakin gini ko bishiya inda suka haɗu da sama. Yana faruwa ne idan manhaja tana duhunta sama tana kuma haskaka ginin da ke jikinta. Maganinsa rage ƙarfin matsewar da ƙara laushinta. Wuce gona da iri kuma yana mayar da farin gajimare ruwan toka, fatar mutum ta yi kamar an shafa mata gawayi. Inuwa ita ke nuna siffar abu, don haka ya dace a bar wani yanki baƙi, wani kuma fari.

Matsewa tana ƙara fito da kowane aibi: ɗigon ƙura a kan sensa, wanda ke yawaita lokacin hunturu, da jan layi ko kore a gefen abubuwa, wanda ake cirewa kafin haɗawa. Wasu fitilun LED da dogon ƙwai suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa a wutar 50Hz, saboda haka shota mai gudu fiye da 1/100 yana iya ba da haske marar daidaito a cikin jerin.

Wayoyin hannu

Waya ba ta jiran mazauni. Tsarin HDR+ na Google yana ɗaukar hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido, kowanne da gajeren lokaci don kada sama ta ƙone, sai ya haɗe su, haɗewar ta rage yashi, sannan ya ɗaga inuwa. Daban da wannan akwai allon HDR, wanda shi kansa ke iya nuna haske mai ƙarfi. Tsarin Ultra HDR da ya zo da Android 14 a 2023 yana ɓoye taswirar ƙarin haske a cikin fayil ɗin JPEG: tsohon allo ya nuna hoton yadda aka saba, sabo kuma ya ƙara wa taga da fitila haske bisa taswirar.