Jiha, gunduma, komin: a ina aka ƙidaya ka?

Tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji, ga ɗalibai, ga 'yan ƙungiya, ga dattawan da ke zuwa da takarda a aljihu. Na rubuta su nan a wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tare ni a hanya.

Jihohi nawa ne a Nijar?

Takwas, har da Yamai. Tamu ta Damagaram ce ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2012: mutum 3,539,764 cikin 17,138,707 na ƙasa duka.

Gundumomi fa?

A jiharmu goma: Mirya, Magarya, Gure, Tanut, Kance, Dungas, Takeita, Belbeji, Tesker da Damagaram Takaya. Birnin Damagaram yana gefe da kansa, an raba shi kashi biyar.

Me ya sa Mirya ta "ragu" tsakanin 2001 da 2012?

Ba ta ragu ba! Wannan ita ce ta fi ɓata mini rai, don har masu digiri na faɗa mata. A 2001 gundumomi biyar ne a jihar. A 2011 aka yanki Takeita da Damagaram Takaya daga Mirya, Dungas daga Magarya, Belbeji daga Tanut, Tesker daga Gure. Sunan yana nan, ƙasar ce aka rage. Wani ɗalibi ya kawo mini aikinsa, shafi uku yana bayanin yadda yunwa ta kori mutanen Magarya, alhali suna zaune gidajensu a Dungas, suna shan furarsu. In za ka kwatanta shekarun biyu, haɗa uwar da 'ya'yanta tukuna, ko ka sauka zuwa ƙananan hukumomi, wato komin, ka tara su ɗaya bayan ɗaya.

Kanto da komin abu ɗaya ne?

A'a. Kanto ƙasar sarki ce, ta sarauta, komin ta hukuma ce. Wani wuri iyakarsu ta zo ɗaya, wani wuri ba ta zo ba.

Lambar da aka rubuta da alli a ƙofar gidana, ta haraji ce?

Kwantar da hankalinka, baba. Hukumar ƙididdiga ta INS tana yanka ƙasa gunduwa-gunduwa, kowane yanki daidai abin da ma'aikaci ɗaya zai iya zagayawa. Lambar tana hana shi tsallake gida ko shiga sau biyu. Yankin nan ba shi da sarki, ba shi da ofis, ba ruwansa da lanho, wato haraji. A daina goge lambar, a daina ɓoye yara a ɗaki. Yaron da ka ɓoye, kujerarsa ta makaranta ka ɓoye.

Muna neman rijiya. Ƙauyenmu na cikin komin ɗaya, lanho ga wani sarki muke kai shi, samari rabi suna cin rani. Wane adadi za mu rubuta?

To, wannan tambaya ce, kuma amsarta ta danganta da wanda zai karanta takardar. Adadi uku ne a gabanku, ko wane da gaskiyarsa. Na farko na ƙidaya: yana bin inda mutum yake kwana, ba ya bin wanda yake yi wa mubaya'a. Wanda ya tafi Kano ko Libiya bai kai wata shida ba, galibi ana sa shi cikin mutanen gida a matsayin wanda ba ya nan. In ya daɗe fiye da haka, ya fita. Na biyu na littafin mai gari: yana bin iyali da lanho, don haka za ka tarar da mutumin da ya shekara goma a unguwar Garin Malam ta birnin Damagaram har yanzu sunansa na ƙauye. Na uku na rajistar zaɓe, wanda galibi ba ya ɗaukar kowa sai wanda ya kai shekara 18 kuma ya je ya yi rajista.

In takardar za ta je hukuma ko wata ƙungiyar waje, fara da na ƙidaya, ka rubuta shekarar a gefensa, don adadin 2012 ya tsufa. Sai ka ƙara na mai gari a ƙasa, ka faɗi daga inda ya fito. Amma a kula: ƙananan tungaye da rugage wani lokaci a ƙarƙashin babban ƙauye ake tara su, wani lokaci a ware. Ka duba sunan kowace tunga a jerin garuruwan komin kafin ka haɗa, kar ka ƙirga ta sau biyu. Makiyaya kuma suna iya bin shugaban rukuninsu da ke can nesa alhali a rijiyarku dabbobinsu ke sha. Ƙidaya ba lallai ta sa su cikinku ba, amma rijiya ta san da su, don haka ku ambace su a layi na daban. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tara ukun a ce ga yawanmu. Na ga takardar da aka mayar saboda haka, mutanen suka ƙara shekara suna jan ruwa da jaki daga nisa.

Ɗan majalisarmu na gundumarmu ne?

A zaɓen 27 ga Disamba 2020, jiha ce mazaɓa, jam'iyyu suka raba kujeru gwargwadon ƙuri'a. A lokacin, Tesker ce kawai a jiharmu take da mazaɓa ta musamman. Kansiloli kuwa a komin aka zaɓe su.

Zan iya gane yawan unguwarmu daga ƙuri'un rumfar zaɓe?

Ba za ka iya ba. Yara ba sa ciki, wanda bai yi rajista ba ba ya ciki, kuma rumfa ɗaya na iya haɗa mutanen unguwar Birni da waɗanda suka tashi suka koma unguwar Zango tuntuni. Je ka ofishin INS na jiha ka nemi jerin garuruwa da unguwanni.