Karatun tafiyar da ƙananan kasuwanci a kwalejojin al'umma na Amurka

Karatun tafiyar da ƙananan kasuwanci da kafa sana'a fanni ne da ake koyarwa a yawancin kwalejojin al'umma na Amurka. Waɗannan kwalejoji makarantun gaba da sakandare ne na gwamnati, karatunsu shekara biyu ne, kuma kusan duk mai takardar kammala sakandare suna ɗaukarsa. Wadda ake ɗauka a matsayin mafi daɗewa ita ce ta Joliet a jihar Illinois, da aka buɗe a 1901. Sunan "kwalejin al'umma" kuwa ya bazu ne bayan rahoton kwamitin shugaba Truman na 1947. Yau akwai kusan dubu ɗaya a faɗin ƙasar. A tsawon lokaci karatun ya yi kama da na ƙaramar difloma a foliteknik ta Najeriya.

Ɗaliban wannan fanni ba duk yara ba ne. Da yawansu magidanta ne masu sana'a a hannu: mai aski, mai gyaran famfo, mai dafa abinci, matar da ke rainon yaran unguwa a gidanta. Aikin sun iya shi, abin da ke ba su wuya shi ne lissafi da takardu. Shi ya sa ake yawan ajiye darussan da yamma, ko ƙarshen mako, ko ta intanet.

Mai gaggawa yakan ɗauki satifiket da ake gamawa cikin shekara ɗaya ko ƙasa da haka. Cikakken shirin kuwa kiredit 60 ne ko kusa da haka (kiredit shi ne ma'aunin da ake ƙirga yawan darussa da shi). Ana koyar da ajiye lissafi, sau da yawa da manhajar QuickBooks, da talla, da dokokin ciniki, da haraji, da ɗaukar ma'aikata. Ana kuma nuna wa ɗalibi bambancin kasuwancin mutum ɗaya, wanda idan bashi ya ci shi har gida da mota za a iya taɓawa, da kamfanin da ake kira LLC, wanda a ka'ida ke raba dukiyar mai shi da ta kamfani.

Darasin da ya fi amfani shi ne na bambance riba da kuɗin da ke hannu. A ce mai gyaran famfo ya yi wa wani kamfani aiki, sai bayan kwana talatin za a biya shi, alhali yaransa na jiran albashi ran Juma'a, mai sayar da bututu kuma ba ya ɗaga ƙafa. A littafi ya ci riba, a asusun banki babu ko sisi. Akwai kuma lissafin inda ciniki ke mayar da abin da aka kashe: idan haya da sauran kuɗaɗen dole dala 2,000 ne a wata, kuma dala 4 ke saura a kowane faranti bayan an cire kuɗin cefane, sai an sayar da faranti 500 kafin a fara maganar riba. A ƙarshen shirin ɗalibi yakan rubuta tsarin kasuwancinsa, irin takardar da banki ke nema kafin ya ba da rance. Dalilin nacewa kan lissafi a fili yake: alƙaluman ma'aikatar ƙwadago ta Amurka sun nuna kusan ɗaya cikin biyar na sababbin kasuwanci ba sa wuce shekarar farko, kusan rabi kuma ba sa wuce shekara biyar.

Ba a aji kaɗai taimakon yake ba. Hukumar kula da ƙananan kasuwanci ta tarayya, SBA, da aka kafa a 1953, tana tallafa wa cibiyoyin ba da shawara kyauta, da dama daga cikinsu a harabar waɗannan kwalejoji. Jihar North Carolina ta ajiye irin tata cibiyar a dukkan kwalejojinta 58. A 2002 aka kafa ƙungiyar NACCE a kwalejin Springfield ta jihar Massachusetts domin haɗa malaman fannin. Bankin Goldman Sachs kuma ya ware dala miliyan 500 a 2009 don horar da masu ƙananan kasuwanci da samar musu da jari, ya fara da kwalejin LaGuardia a New York, da manhajar karatun da kwalejin Babson ta tsara. Sai dai wannan shiri na waɗanda kasuwancinsu ya riga ya tsaya da ƙafarsa ne.

Akwai wani tarko da ɗalibai kan faɗa. Yawancin shirin ana ba da shi ne da shaidar da ake kira AAS, wadda aka tsara don mai shiga aiki kai tsaye. Wanda daga baya ya so ƙarasa digiri a jami'a yakan tarar ba a karɓi wasu darussansa ba, sai ya sake biya ya maimaita. Mai niyyar jami'a gara ya ɗauki shaidar AS ko AA ta fannin kasuwanci, wadda aka tsara don mai wucewa jami'a, ya kuma tambayi ofishin ba ɗalibai shawara wace jami'a ce ke da yarjejeniyar karɓar darussa da kwalejin kafin ya yi rajista.