Fim ɗin aljanu mai ƙaramin jari: me ake nufi da shi, ina ƙarfinsa, ina rauninsa?

Duk mai zuwa shagon masu tura fina-finai a waya a Kano ya san akwai wani rukuni da samari da 'yan mata ke tambaya da sunan "na tsoro" ko "na aljanu". A ciki za ka tarar da na Amurka, na Indiya da aka yi wa fassarar Hausa, na Turkiyya, na kudancin ƙasar nan, da 'yan ƙalilan namu na gida. Mafi yawansu ba manyan kamfanoni ne suka zuba musu dukiya ba. Su ne masu harkar ke kira fim ɗin aljanu mai ƙaramin jari.

Kafin fim ya amsa wannan suna, sai manufarsa ta farko ta zama tsorata mai kallo, kuma sai tsoron ya fito daga abin da ido ba ya gani: aljani, fatalwa, maye, sihiri, ko gidan da ake cewa akwai mutanen ɓoye a cikinsa. Wannan ya raba shi da fim ɗin ɗan fashi ko mai kisa da wuƙa, domin shi wancan mutum ne, ana iya kama shi a kai shi kotu. Maganar jari kuwa ba ta da wani adadi da aka yanke. A Amurka fim ɗin da ya ci dala miliyan biyu ko uku ƙarami ne, alhali a titin Gidan Zoo, inda ofisoshin 'yan Kannywood suke, wannan kuɗi ne da furodusa zai daɗe bai gani ba. Saboda haka a jikin fim ɗin ake gane shi. Za ka ga labarin bai fita daga gida ɗaya ko daji ɗaya ba, 'yan wasan ba su wuce a ƙirga da yatsu ba kuma yawanci sababbin fuska ne, an ɗauke shi cikin 'yan kwanaki, sannan babu kuɗin yin siddabarun kwamfuta mai kyau.

Abin da ya sa ake yawan maganar irin wannan fim shi ne, a duk rukunan fim babu inda ƙaramin kuɗi ya fi haihuwa kamar nan. A 1999 wasu matasa biyu a Amurka, Daniel Myrick da Eduardo Sánchez, suka fitar da The Blair Witch Project. 'Yan wasa uku aka tura daji a jihar Maryland, su da kansu ke riƙe da kyamara, kuma kuɗin ɗaukar bai wuce dala dubu 60 ba. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 250. A 2006 wani mai suna Oren Peli ya ɗauki Paranormal Activity a cikin gidansa da kimanin dala dubu 15, kuma da kamfanin Paramount ya baza shi a gidajen sinima a 2009 ya kawo sama da dala miliyan 190. Gaskiya ne an ƙara kashe kuɗi daga baya wajen gyara da talla, kuma gaskiya ne ga kowane ɗaya da ya yi wannan nasara akwai da yawa da suka mutu ba a ji ɗuriyarsu ba. Amma abin lura a nan shi ne yadda aka yi su. A na farkon, har aka gama fim ba a nuna mayyar da aka gina labarin a kanta ba ko sau ɗaya. A na biyun, an kafa kyamara a ɗakin kwana tana kallon saurayi da budurwa suna barci, sai ƙofa ta motsa kaɗan da tsakar dare. Da wannan 'yar motsin ƙofa aka hana mutane barci.

A nan ƙarfin ƙaramin jari yake. Darakta da ba shi da kuɗin ƙera dodo dole ya ɓoye shi, kuma da zarar ya ɓoye shi, mai kallo ne zai ƙera wa kansa, da kayan tsoron da ke cikin ransa tun yana yaro. Babu wani edita da zai iya zana abin da ya kai wannan muni. Mu kuwa a nan wannan dabara ta dace da abin da muka yi imani da shi. Alƙur'ani a cikin Suratul A'araf ya faɗa cewa Shaiɗan da rundunarsa suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu. Bahaushe ma da ya tashi ambaton aljanu sai ya ce mutanen ɓoye, ko ya ce iska. Mutumin da ya girma ana ce masa ya yi bisimilla kafin ya zubar da ruwan zafi, ana kiran sa gida kafin magariba ta rufa, ana hana shi zama gindin tsamiya da tsakar rana, ba ya buƙatar a nuna masa fuska mai ƙaho kafin tsikar jikinsa ta tashi. A nuna masa uwar gida ta watsa tafasasshen ruwa a makwarara da almuru ba ta ce komai ba, a bar kyamara a kan makwararar na ɗan lokaci, shi ke nan ya riga ya san an taɓo abin da ba a taɓawa.

Rashin fitattun jarumai ma, da ake ɗauka nakasu ne, a wannan rukuni alheri ne. Idan ka ga babban jarumin da ka sani a cikin kufai, zuciyarka ta san ba zai mutu a tsakiyar fim ba, kuma kana tuna shi a wasu fina-finan yana soyayya. Yarinyar da ba ka taɓa gani ba kuwa, sai ka ɗauke ta tamkar 'yar maƙwabta. Haka wurin ɗauka. Furodusa da ba zai iya hayar katafaren gida a unguwar Nasarawa ba, zai koma tsohon gidan ƙasa a cikin badala, mai soro biyu, mai rijiya a tsakar gida, mai ɗakin da aka rufe tun rasuwar kaka. Wannan gida ya fi kowane bene iya ɗaukar labarin tsoro, domin mai kallo ya taɓa kwana a irinsa. Lungunan cikin birni da dare, kududdufai, gefen maƙabarta, gindin Dala da tarihinsa na Barbushe da Tsumburbura, duk suna nan ba a biyan ko sisi don a gina su.

Sai kuma 'yanci. Wanda ya zuba kuɗi mai yawa yana tsoron asara, don haka ba ya kauce wa hanyar da aka saba. Mai ɗan ƙaramin jari yana iya gwada abin da ba a taɓa yi ba. Turkawa sun nuna haka da jerin fina-finan Dabbe, wanda Hasan Karacadağ ya fara a 2006. Sun bar tsoron coci da gicciye da aka saba gani a fina-finan Turawa, suka ɗauko aljanu da sihiri da malamai daga cikin rayuwar Musulmi, kuma mutanensu suka karɓa.

To amma ba kowane talauci ne ke haifar da dabara ba, kuma a nan ne raina ke ɓaci. Babban raunin waɗannan fina-finai, namu da na waje, shi ne darakta ya ƙi yarda da iyakarsa, ya dage sai ya nuna aljanin. Sai a samo wani a shafa masa farar hoda ko gawayi, a yafa masa farin ƙyalle, edita ya sa masa jajayen idanu, ya ɓace ɓat tare da ƙarar da kowa ya saba ji, ko ya riƙa harba wuta daga tafin hannu. A daidai wannan daƙiƙa tsoro ya ƙare, yara sun fashe da dariya. Fim ɗin barkwanci idan bai yi kyau ba shiru ake yi masa, amma fim ɗin tsoro idan bai yi kyau ba dariya ake yi masa, kuma ba ya sake tashi. Kuɗin da aka ɓatar a wannan siddabaru da an sa shi a sauti da ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Sauti shi ne rabin wannan sana'a, in ma bai fi rabi ba. Takun ƙafa a kan rufin kwano, guga na bugun bangon rijiya alhali babu kowa a wurin, muryar da ta kira sunanka sau ɗaya daga zaure. Kafin waɗannan su yi aiki sai an sami shiru na gaske a bayansu, shiru kuwa abu ne mai tsada a Kano. Janareto na ruri don a kunna fitilun ɗauka, a-daidaita-sahu na hon a bakin titi, ga lasifikar biki daga wata unguwa. Mai ƙaramin jari ba shi da halin ɗaukar sautin daban ya zauna ya tace shi, sai ya rufe komai da kiɗan tsoro daga farkon fim har ƙarshe. Kunne kuwa yana sabawa. Bayan minti goma kiɗan ya zama kamar ƙarar fanka, ba wanda ke jin sa. Abin takaicin shi ne yau yawancin masu kallo a waya suke kallo, da abin saurare a kunne, tun da kasuwar kaset da faifai ta Ƙofar Wambai ta ja baya aka koma YouTube. Ke nan sautin yana shiga kai tsaye cikin kunnen mutum, dama ce da masu fim na da ba su samu ba.

Duhu ma haka yake. Mutane na zaton ɗaukar dare kashe fitila ne kawai. Duhun da ke cikin fim mai kyau haska shi ake yi da lissafi, a bar gefe ɗaya na fuska a fili, a bar kusurwar ɗaki a lulluɓe don ido ya riƙa komawa can yana bincike. Idan babu mai wannan ilimi, ɗayan biyu ne: ko dai allon wayar ya yi baƙi ƙirin ba ka ganin komai, ko a haske ɗaki tar kamar shagon gwal a ce maka ƙarfe biyun dare ne.

Rubutun labari ba ya cin kuɗi kamar kayan aiki, amma a nan ma ana yin sakaci. Mun riga mun haddace tsarin: kishiya ta je wurin boka, an tura wa amarya aljani, an yi ta fama, a ƙarshe malam ya zo ya yi ruƙya, aljani ya yi ihu ya fita. Ba ina cewa a canza aƙida don a burge mai kallo ba. Fim a Kano sai ya bi ta hannun Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, kuma ko babu hukuma, jama'ar gari ba za su lamunci labarin da boka ya yi galaba a kan addu'a ba. Matsalar ita ce yadda ake jefo malamin a minti biyar na ƙarshe don kawai a rufe labari, ba mu san shi ba, ba mu ga wahalarsa ba, ba mu ga abin da mutanen gidan suka rasa kafin sauƙi ya zo ba. Sanin cewa gaskiya za ta yi halinta ba ya hana tsoro, muddin mai kallo bai san wa za a rasa a hanya ba. Ga kuma jan labari. Abin da zai ƙare cikin awa ɗaya da rabi sai a mayar da shi mai dogon zango, a cusa waƙar soyayya a tsakiya, a kawo ɗan barkwanci ya yi ta gudu yana faɗuwa. Tsoro a hankali yake taruwa a ƙirji, kuma duk lokacin da aka katse shi sai an koma farko.

Akwai wani rauni da ya fi waɗannan nauyi, domin shi yana fita daga cikin allo ya shiga gidajen mutane. Fim mai arha yana neman mugu mai arha, wanda za a gane da kallo ɗaya. Shi ya sa kullum mayya tsohuwa ce matalauciya mai zama ita kaɗai, kullum mai aika sihiri kishiya ce ko uwar miji. Mun san a ƙasar nan an sha dukan tsofaffi, har da kisa, bisa zargin maita da ba wanda ya iya tabbatarwa. Haka kuma duk wanda ya faɗi yana kakkafewa a fim, ko yake magana shi kaɗai, iska ce ta taɓa shi. Farfaɗiya cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ke da magani, taɓin hankali ma haka, kuma ga asibitinsa nan a Dawanau. Imani da samuwar aljanu bai hana a kai marar lafiya wurin likita ba. Marubucin da ya sa mahaifi a cikin labarinsa yana kai-kawo tsakanin asibiti da malam, bai san wanne ne ke damun 'yarsa ba, ya kusanci abin da iyalai ke fuskanta a zahiri, kuma wannan rashin tabbas ɗin ya fi jan ido firgitarwa.

Kannywood ta faro ne da ƙaramin jari tun Turmin Danya a 1990, kuma har yau da shi take tafiya, don haka masu harkar sun fi kowa sanin yadda ake yin abu da kaɗan. Abin da ya rage shi ne wannan rukuni a ba shi haƙƙinsa. Matashin da ke da kyamara ɗaya da abokai biyar zai iya yin fim ɗin da za a daɗe ana maganarsa, in ya raba ɗan kuɗinsa yadda ya kamata: kaso mafi tsoka ga mai ɗaukar sauti da mai haske, ya ba marubuci lokaci ya zauna da tsofaffin unguwa ya ji irin labaran da ake bayarwa a kan gidajen da aka ƙaurace wa, ya yi ɗaukar bayan gari ya yi tsit, sannan ya hana edita zana masa aljani.