Yawon ganin Damagaram: tambayoyin da baƙi suka fi yi

In baƙo ya sauka Zinder, daga ina zai fara?

Daga Birni, tsohuwar unguwar garin, kuma a ƙafa, don lungunan sun yi wa mota ƙunci, wasu ma manyan duwatsu sun tokare su. Kabu-kabu ya sauke ka ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Ka yi sallama da dogarai, su haɗa ka da mai zagayawa da kai, ka tanadi ɗan goronsa. Kada ka ɗaga waya ɗaukar hoto sai ka nemi izini.

Ganuwar Birni tana nan kuwa?

Saura kaɗan. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ita. Ginin ƙasa ne, shi kuwa ginin ƙasa yaɓe ke riƙe shi. Da zarar an daina yaɓe, ruwan damina ya zaizaye kan bango, danshi ya ci gindi, sai ya tsage ya zube. Abin da ya rage, wanda bai sani ba zai ɗauka tudu ne ya wuce, saboda haka a nemi dattijon unguwa ya nuna. Kada a hau kai.

A gaskiya tsofaffin gidaje masu zane a fuska da zankwaye a sama sun fi kufan ganuwar ɗaukar ido. Akwai su a Birni, akwai su a Zango, inda ayarin raƙuman Azbin ke sauka a da.

Barikin da ke kan dutse fa?

Na Turawan Faransa ne. An kashe hafsansu Cazemajou a Zinder a 1898, suka ci garin a 1899, daga baya Zinder ta zama babban birnin Nijar har 1926 da aka koma Yamai. Wurin soja ne, daga nesa ake kallonsa.

Akwai bakin kogi?

Babu kogi a Zinder. Mai son inuwa da ɗanyen ganye ya nufi lambunan Mirriya, kilomita 18 gabas, musamman ran Lahadi da kasuwarta ke ci. Tafkin Gidimuni yana can gaba.

Wane lokaci ya fi?

Nuwamba zuwa Fabrairu, a fita da sassafe. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, don haka a riƙe ruwan sha. Alhamis ce ranar babbar kasuwar gari. Mai son ganin dawaki da algaita kuwa ya zo hawan Salla.