Waiwaye: Kujerun gado a majalisar dattawan Birtaniya

Rigimar kujerun gado ta samo asali ne a 1909, lokacin da majalisar dattawan Birtaniya, wadda galibin 'ya'yanta gadar kujerunsu suka yi, ta yi watsi da kasafin kuɗin da ministan kuɗi David Lloyd George ya gabatar don ƙara wa manyan masu filaye haraji. Gwamnati ba ta haƙura ba. A 1911 aka kafa dokar da ta raba dattawan da ikon hana kasafin kuɗi, sauran dokoki kuma sai dai su jinkirta su na shekara biyu. A cikin gabatarwar wannan doka ne aka rubuta alkawarin cewa za a maye gurbin majalisar da wata da jama'a suka zaɓa. Har yau ba a cika shi ba.

Gyare-gyaren da suka biyo baya a hankali suka zo. A 1949 aka rage jinkirin zuwa shekara ɗaya, a 1958 kuma aka fara naɗa mambobi na tsawon rayuwarsu kaɗai, ba tare da 'ya'yansu sun gaje su ba. Ta wannan ƙofar mata suka fara shiga zauren.

Babban sara ya zo a 1999, zamanin Tony Blair, inda aka sallami 'yan gado sama da 600. Amma don a samu dokar ta wuce, sai aka yi sulhu aka bar 92 a matsayin wucin gadi. Nan ne abin ya fi damuna. A tsarin da aka bi har 2024, idan ɗayansu ya rasu, galibi sauran 'yan gadon ɓangarensa da ke majalisar ne ke zaɓen magajinsa. A 2016, mutum uku kacal suka kaɗa ƙuri'ar da ta ba Viscount Thurso kujera, ya shiga yana tsara dokokin da suka shafi miliyoyin mutane. Wucin gadin nan sai da ya haura shekara ashirin da biyar.

A 2012 Nick Clegg, mataimakin firaminista a lokacin, ya kawo ƙudurin da zai sa a riƙa zaɓen kashi 80 cikin 100 na mambobin, amma 'yan Conservative da dama suka yi masa tawaye, aka janye shi. A watan Satumban 2024 gwamnatin Keir Starmer ta gabatar da ƙudurin kawar da sauran 'yan gadon gaba ɗaya. Ƙudurin bai taɓa kujerun limaman cocin Ingila 26 ba, haka kuma ya bar wa firaminista damarsa ta naɗa mutanen da yake so.